Amsar tambayarki kan dayis, rilaksa da sankarar mama

'Yata, kin tambaye ni ko gaskiya ne mayukan da muke aiki da su a shago suna jawo sankarar mama, don Ummanki ta ji a rediyo har ta ce ki ajiye sana'ar. Ki gaishe min da ita, ki ce hankalinta bai tashi a banza ba.

A shekarar 2019 masana a Amurka sun fitar da sakamakon bincike kan mata 46,709, kowacce tana da 'yar'uwar da ta taɓa yin cutar. Sun ga masu rina gashi da rinin da ba ya wankuwa haɗarinsu ya ƙaru da kashi 9 cikin 100, a tsakanin baƙar fata kuwa da kashi 45. Masu shafa man miƙar da gashi irin rilaksa, kashi 18. Ki fahimce ni da kyau, ƙari ne a kan haɗarin da kowace mace take da shi tun asali, ba a ce mata 45 cikin 100 za su kamu ba. Alaƙa kawai aka gano, ba tabbacin cewa su ne sanadi ba, gado da shekaru da ƙiba su ma suna da hannu. Hukumar binciken cutar kansa, wato sankara, ta duniya da ke Liyon a Faransa kuma ta sa aikin gyaran gashi cikin sana'o'in da mai yiwuwa ne su jawo kansa, ko da yake hujjarta ta fi karkata ga ta mafitsara.

Abin da ke hana ni barci shi ne kwastoma tana shafa rilaksa sau ɗaya a wata biyu ta tafi abinta, ke kuwa kullum hannunki a ciki yake. Ki duba yatsunki a makon Sallah, lokacin da mata ke layi har bakin titi: farce ya yi baƙi da dayis, fata ta tsattsage, sai raɗaɗi idan kin taɓa ruwa. Soda ce a cikin wasu mayukan rilaksa, irin wadda ake yin sabulu da ita, kuma fatar da ta tsage ƙofa ce ga duk wani sinadari. Sannan na sha ganinki kina cin awara da wannan hannun.

Daga yau ba ki taɓa kwaba dayis ko rilaksa babu safar hannu. Na san zafin Gombe a watan Afrilu, hannu zai jiƙe da gumi, ki daure. Ƙofa da taga a buɗe, fanka na kora iska waje. Mayukan miƙar da gashi na keratin da ake bi da ƙarfe mai zafi sun fi ba ni tsoro, domin wasunsu na fitar da hayaƙin fomalin, wanda aka tabbatar yana jawo kansa, kuma takunkumin yadi ba ya tare shi. Idan ido ya fara yaji, ki dakata. Man da aka ɗura a kwalba babu suna babu lambar NAFDAC, kada ya shigo mana shago komai arharsa.

Kowane wata, bayan kin yi wankan tsarki, ki laluba mamanki har zuwa hammata. Kika ji ƙullutu, ko kan nono ya lotsa, ko wani ruwa na fita, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki faɗa min mu tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya tare. Kwalin safar hannu na ajiye shi kusa da tiren kumb, sai ki fara da shi gobe in Allah ya kai mu.