Wanda ya sa hannu shi ke biya: amsar tambayarka kan ELT, na'urar da ke kiran masu ceto in jirgin sama ya yi hatsari

Saƙonka ya same ni a gona, nan ƙauyenmu wajen Auyo. Ka ce, "Oga, tunda an bar 121.5, me take yi a cikin ELT ɗin da muka kwance?" Shekara biyu kana bin jirgi da sufana, littafin na'urar ma ba ka buɗe ba? Ku yaran yanzu, in abu ba ya cikin waya to babu shi.

Mitar rediyo ta 121.5 da ELT ke kira a kanta, ba a bar ta ba. Taurarin ɗan'adam na aikin ceto, wato Cospas-Sarsat, su ne suka daina sauraronta, ita da 243 ta sojoji, tun 1 ga Fabrairun 2009. Kukanta ihu ne ba suna, ba a sanin jirgin wa ne, kuma galibi babu hatsarin ma. Ita ELT mai sabuwar mitar 406 duk bayan kamar daƙiƙa 50 tana aika lambar shaidarta mai gurbi 15, da lambar ƙasa a ciki. Tauraro ya nuna yanki, masu ceto in sun matso sai su bi 121.5 har bakin tarkacen.

Wannan lambar shaidar ce ta ci mini bijimi.

Wani Alhaji mai ƙaramin jirgin feshi, lokacin da jan-baki ke sauka kan shinkafar fadamar Haɗeja, na ce ya sayi sabuwar 406. Ya ce tsada. Sai ga ɗansa da wata 'yar gwanjo daga Turai, an naɗe ta cikin tsohon tawul. Ina duba takardar jikinta na ga lambar wata ƙasa, alhali tamu ta Najeriya 657 ce. Na ce sai an sake mata lamba an yi rajista. Ya dafa ni: "Injiniya, ɗaura kawai, tsuntsu na cinye abincin talakawa. Jibi a gyara." Na ɗaura, na kuma sa hannu a littafin jirgi. Wautata ke nan, ban ɗora wa kowa ba.

Ba a yi sati biyu ba matuƙin ya dire da ƙarfi a filin jar ƙasa, makunnin girgiza ya tashi, ya rufe jirgi ya tafi masauki. Ta kwana tana kira. Aka buga wa tsohon mai ita waya can Turai, mutum yana barcinsa. Kafin gari ya waye zance ya iso Abuja. Da masu bincike suka zo, Alhaji ya gyara babbar riga ya ce shi bai yi boko ba, ga wanda ya sa hannu. Batir ya wuce awa ɗaya yana aiki, dole a canza. Kuɗinsa da na sake lamba duk daga aljihuna, na kai bijimina kasuwar Maigatari. Ladan aikina kuwa har yau. In mun haɗu wajen ɗaurin aure shi ke fara ɗaga mini hannu, wai "Injiniya!"

Yadda ake ɗaurawa da haɗa eriya ba zan ɓata bakina ba. Gwaji kuma, maɓallin gwajin kanta kaɗai za ka taɓa, kada ka kunna ta gaba ɗaya don ka ji ƙara.

Ɗauko mini hoton takardar jikin wadda kuka kwance, lambar da ranar ƙarewar batir su fito sosai. Kada ka kama biro sai na gani.