Ɗana zai tafi Arizona, an ce akwai macijin rattlesnake

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana ya samu gurbin karatu a Tucson, jihar Arizona ta Amurka. Tun da aka ce mini wajen akwai wani maciji wai shi rattlesnake, barci ya ƙaurace mini. Mene ne ma'anar sunan, kuma yaya haɗarinsa yake? Na riga na saya masa baƙin dutse da garin magani a wurin wani gardi. Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa ya je a sa'a, ke kuma ya kwantar miki da hankali.

Kalma biyu aka haɗa: rattle, wato caki, da snake, maciji. Maciji mai caki ke nan. A ƙarshen wutsiyarsa akwai busassun zobba da suka shige cikin juna, irin abin da aka yi farcenki da shi. In ya tsorata sai ya kaɗa su, su yi ta ƙara. Duk saɓar da ya yi zobe ɗaya ke ƙaruwa, kuma suna karyewa, don haka masu ƙirga su su faɗi shekarunsa shaci-faɗi suke yi.

A nahiyar Amurka kaɗai yake, daga kudancin Kanada zuwa Ajantina, kuma Arizona kaɗai tana da iri 13. Ɗan'uwan kasa ne da kububuwa. Tsakanin idonsa da hancinsa akwai ɗan rami da yake jin ɗumin jikin ɓera da shi ko a duhu. Ba kullum yake kaɗa cakin kafin sara ba, jaririnsa ma ba shi da abin kaɗawar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce macizai masu dafi na sarar mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara a ƙasar, amma masu mutuwa kimanin 5 ne. Asibiti ne ya kawo wannan tazarar.

To, Hajiya, dutsen nan ya fi macijin tayar mini da hankali. Ki cire shi daga jakar yaron. Ba ya zuƙe dafi. Tsaga ba ta fitar da shi, tsotsa ma haka, ɗauri kuwa shi ne ya fi ɓarna. Dafin wannan dangi nama yake ci, ya hana jini daskarewa. Ka ɗauki reza ka tsaga mutumin da jininsa ba ya tsayawa, me kake jira? An taɓa kawo mini wani manomi da kububuwa ta sara, an ɗaure masa ƙwauri da robar tif tun hantsi, ba a iso ba sai bayan magariba. Ƙafar ta yi baƙi ƙirin, ta yi sanyi, jini na tsiyaya daga tsagar har ya jiƙe zanen da aka naɗe ta. Dutsen na nan manne a wurin, kamar yadda gardin ya ce a bar shi.

Za ki ji an ce ai wane, dutse ne ya warkar da shi. Maciji yakan sari mutum bai zuba dafi ba, wani ma ba mai dafin ba ne. Irin waɗannan ke warkewa, gardi ya ɗauki yabo. Wanda ya mutu kuma a ce kwana ya ƙare. Dogara ga Allah bai hana neman magani na gaskiya ba, kuma mai karɓar kuɗin uwa ya ba ta dutse zai yi bayani gobe ƙiyama.

Ki gaya wa ɗanki: takalmi rufaffe, tocila da dare, kada ya zura hannu ƙarƙashin dutse. Ko mataccen maciji kada ya taɓa, guntulallen kai yana sara. In tsautsayi ya faɗa, ya cire agogo da zobe kafin kumburi, ya daina motsa wurin, ya kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, a kai shi inda ake allurar kashe dafi.