Ƙaramin famfo biyu ya fi babba ɗaya a tankin murjani

Malam, ka ce tankinka na kiwon murjani mai rai, wato halittar teku, lita 800 ne, kana tambaya ko famfo ɗaya mai ƙarfi zai wadatar. Ni dai ban ba ka wannan shawara ba. Famfo ɗaya gefe guda yake tura ruwa, bayan duwatsu kuwa ruwan ya kwanta, datti ya taru, gansakuka ta samu wurin zama.

Fara da lissafi. Murjani masu taushi na son ruwan tankin ya juya kamar sau 20 a awa, masu tauri irin Acropora kuwa sau 40 zuwa 50. Naka ke nan lita 16,000 zuwa 40,000 a awa. Raba wannan tsakanin famfo biyu, ɗaya a kowane gefe, suna fuskantar juna, don igiyoyin su haɗu a tsakiya su rikice kamar a teku.

Don Allah kada ka saita bakin famfo kai tsaye kan murjani, yana ɗaye masa nama. Ɗaga ɗaya sama kaɗan ya riƙa kaɗa fuskar ruwa saboda iskar shaƙa. Idan famfon VorTech za ka saya, auna kaurin gilashinka tukuna, domin maganaɗisu ne ke riƙe famfon a jikin gilashin. Ka haɗa masa batirin ko-ta-kwana, saboda in wuta ta ɗauke, kifi ba sa jure ruwa tsaye na dogon lokaci.