Ku Tambaya Mu Amsa: Bammi, Mazubinsa da Lafiyar Mai Sha

Wasiƙun wannan makon a kan bammi suka taru, daga masu sayarwa, da masu sha, da waɗanda ba sa sha amma suna zaune da masu sha. Abokan aikinmu na ɓangaren kimiyyar abinci da na kiwon lafiya a nan Jos ne suka amsa. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ana kawo mini bammi daga wajen Akwanga a jarka mai lita 25. Kafin ta iso ta kumbura, kuma kafin la'asar bammin ya yi tsami har masu saye su ƙi shi. Wasu ma na cewa suna jin wani wari a ciki. Wane mazubi ya fi, kuma yaya zan yi ya daɗe? *Mai sayar da bammi, Gada Biyu*

Amsa: Uwargida, kumburin da tsamin duk tushensu ɗaya. Ruwan da ke ɗigowa daga kwakwar manja ko tukurwa yana ɗauke da sukari wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Tun a kan bishiya ƙwayoyin yis da na bakteriya suke faɗa masa, daga bakin yankan, daga gorar da aka rataya, daga ƙafar ƙuda. Yis yana cin sukarin ya mayar da shi barasa da iskar gas. Wasu ƙwayoyin suna kawo tsami irin na kindirmo. Wasu kuma, in iska ta samu shiga, sai su juya barasar ta zama khal. Ba ya tsayawa ko na awa ɗaya, zafi kuma ƙara masa gudu yake yi.

Ki duba lissafin gas ɗin. Lita ɗaya mai giram 100 na sukari, in yis ya cinye shi duka, tana fitar da gas fiye da lita 20. Jarkarki kuwa lita 25 ce, wato sama da lita 500 na gas ke neman hanyar fita ta murfi ɗaya. Ga jijjigar mota, ga hawan Kibo inda iskar waje ke ƙara sauƙi yayin da ake hawowa tudun Jos. Don haka kada a cika jarka har baki, a tsaya a kashi uku cikin huɗu. A huda murfin, a zura siririn tiyo mai tsabta, a toshe gefensa, ɗaya bakin kuma a tsoma shi cikin ƙaramar gorar ruwa da aka ɗaure a jikin jarkar. Gas zai fita yana ɓulɓul, iska da ƙuda ba za su shiga ba. In hakan bai samu ba, a sassauta murfin kaɗan a ɗaure farin ƙyalle a kai. A taso da asuba, a lulluɓe jarkar da jiƙaƙƙen buhun algarara, kada a ɗora ta kan rufin mota rana na dukanta.

Warin kuma, daga jarkar yake. Roba tana shan abin da aka taɓa zuba mata. Wadda ta ɗauki manja ko man gyaɗa tana riƙe maiƙo a kusurwoyinta, ya yi ɗoyi ya kashe kumfar bammin. Wannan ɓata ɗanɗano ne kawai. Wadda ta ɗauki fetur, kananzir, baƙin mai, fenti, maganin feshin ciyawa ko na ƙwari, ita ce mai kisa, domin barasa da tsami suna zaƙulo abin da ya nutse cikin robar. Babu wankin da ke gyara ta, ko da omo ko da toka ko da ruwan zafi. Tsohuwar jarka ta kasuwa da ba ki san tarihinta ba, ki bar ta. Araha ba ta ado. Ki sayi sabuwa fara, ki juya gindinta ki duba alamar kibiya uku: in akwai lamba 2 ko 5 a tsakiya, ta dace da abinci. Gorar ruwan sha mai lamba 1 ta yi don aunawa mai saye, amma ba a zuba mata ruwan zafi.

Ƙarfe kuwa ba abokin bammi ba ne. Cikin yini guda tsaminsa yana kai matakin da zai ci jikin bokitin kwano mai rufin zin, da tagulla, da tukunyar dalma ta maƙera, da duro mai tsatsa. Abin da ya narke, cikin mai sha zai tafi, kuma zin kaɗai ya isa ya sa amai da murɗar ciki. Tukwanen da ake narka tsofaffin kayan mota a zuba su sun fi muni, don ana samun gubar darma a cikinsu. Ƙarfen da aka yarda da shi shi ne silba na gaske wanda ba ya tsatsa, wato wanda ake kira stainless.

Tulu da gorar duma na kakanni suna da nasu alherin. Tulun ƙasa yana zufa, ya sanyaya abin da ke ciki, ya rage gudun tsami. Aibinsu shi ne ƙananan ramukan jikinsu suna ɓoye ƙwayoyin jiya. Shi ya sa sabon bammi ya fi saurin tsami a tsohuwar gora. In za ki yi amfani da su, ki tanadi biyu: ɗaya na aiki, ɗaya an ƙona ta da tafasasshen ruwa an kife a rana.

Wankin jarka: a fara da sabulu da buroshi mai dogon hannu, a ɗauraye sarai. Sannan a zuba babban cokali ɗaya na ruwan bilic cikin lita 5 na ruwa, a girgiza, a bar shi minti goma, a zubar, a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, a kife ta bushe. Kada bilic ya haɗu da ragowar bammi mai tsami, haɗuwarsu na tayar da hayaƙi mai shaƙe numfashi.

Maganar daɗewa, gaskiya ita ce kayan yini ɗaya ne. Sanyin Jos na taimaka miki, musamman lokacin hunturu, ya fi daɗewa a nan fiye da Lafiya ko Makurɗi. Firiji yana jinkirta shi kwana biyu zuwa uku. A ɓangaren sanyi, daskarewa ce kawai ke tsayar da shi, nan ma a bar sarari a gorar don ƙanƙara na kumbura. Mafita mafi sauƙi ita ce ki rage yawan da kike sarowa zuwa abin da zai ƙare kafin azahar.

Tambaya: Ni Musulmi ne. Maƙwabcina ya ce bammin safe mai zaƙi babu barasa a cikinsa, sai ya kwana yake zama giya. Haka ne? *Wani mai karatu, Rikkos*

Amsa: Malam, ba haka ba ne. Gorar da aka sauke da safe tun jiya da yamma take rataye, ruwan yana ɗiga yis yana aiki dare guda. Ana saukewa akwai barasa a ciki, ko da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne. Bayan 'yan awoyi ya kai kashi 4, in ya yini ya kwana ya kai 5 ko 6, daidai da giyar kwalba. Zaƙin na nufin sukarin bai ƙare ba tukuna, ba ya nufin babu barasa. Kumfar da ka gani a sama ita ce shaidar aikin ya riga ya fara. Wanda ya iso Jos bayan tafiyar awoyi a mota, babu ko tantama. Hukunci na malamai ne, kuma hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye kaɗansa ma haramun ne sananne ne. Namu shi ne mu gaya maka abin da ke cikin ƙwaryar.

Tambaya: Mijina in ya sha bammi a wani wuri sai gudawa, a wani wurin kuma lafiya lau. Yaya ake gane wanda aka yi wa algus? *Wata uwargida, Tudun Wada*

Amsa: Algus ɗin da ya fi yawa shi ne ƙara ruwa, sannan a jefa sakarin ko sukari don zaƙin ya dawo. Gudawar daga ruwan take, domin mai son ya mayar da jarka ɗaya biyu ba zai tsaya tafasa ruwa ba, na rijiya ko na rafi zai ɗiba. Ruwan yana kuma rage tsamin da ke danne ƙwayoyin cuta. Ta nan taifot da kwalara ke samun hanya. Sai ƙwaryar sha da ake tsomawa cikin bokiti ɗaya tun safe har dare.

Alamomin: zaƙin sakarin yana maƙalewa a harshe, ya bar ɗaci-ɗaci a maƙogwaro bayan an haɗiye. Na gaske yana da kauri kaɗan, fari kamar tsinkakken nono, ƙananan kumfa na tasowa da kansu ba sai an girgiza ba, in ya zauna kuma farin laka na yis ya kwanta a ƙasa. Wanda ya kai yamma yana zaƙi caɗi babu tsami ko kaɗan, hannu ya taɓa shi. Wasu na cewa in ƙuda bai bi shi ba to sakarin ne. Ba ma dogara da wannan, domin ana haɗa na gaske da na bogi. In gudawar ta zo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari. In da jini, ko zazzaɓi, ko ta wuce kwana biyu, sai asibiti.

Tambaya: Na haihu wata biyu. Surukata ta ce in riƙa shan bammi don nono ya kawo. *Mai jego, Kabong*

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa. Ki ba Mama haƙuri. Barasa tana rage saukar nono, kuma tana ratsawa cikinsa ta kai ga jariri, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin sarrafa ta ba. Abin da ke kawo nono shi ne yawan sa yaro a mama, dare da rana, da cin abinci, da shan ruwa. Kunun gyaɗa, kunun acca da gwate sun ishe ki. Mai ciki ma kada ta kusance shi. Haka ɗiga shi a idon yaro mai ƙyanda: yis da tsami ne ake zuba wa idon da ya riga ya raunana.

Tambaya: Mahaifinmu ya bar mana fadama mai tukurwa a Wamba. Ina son in riƙa ɗura bammi a kwalba ina kawowa Bukuru. Ta ina zan fara? *Wani matashi, Bukuru*

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da sanin bishiyarka. Tukurwa sau ɗaya gindinta ke fure sannan ya mutu, don haka ana jiran lokacin da sababbin ganyen tsakiya suka fara fitowa gajeru, alamar fure ya kusa. A nan ake yanka, a kafa ɗan makwarari, a ɗaura mazubi. In ka yanke dukan manyan a shekara ɗaya, za ka jira shekaru kafin 'ya'yan su taso, ka kuma rasa gwangwalar rufi. Kwakwar manja daban ce: furen namiji ake yanka, bishiyar na tsaye tana ci gaba da rayuwa. Sare ta ƙasa yana ba da ruwa na 'yan makonni, amma an yi asarar manjan shekaru.

Safe da yamma ake fere bakin yankan siriri da wuƙa mai kaifi, in ba haka ba ya toshe ya ruɓe. A sauya mazubi kowane zuwa, a rufe bakinsa da yankan gaba ɗaya da ƙyalle ko tabarmar kaba. Ba ƙuda da zuma kaɗai ake karewa ba. A Bangaladash, tun daga 2001 ake samun ɓarkewar cutar Nipah, kuma an gano jemagu masu lasar ɗanyen ruwan dabino suna fitsari a tukunya ne ke yaɗa ta. Ɓera ma yana hawa. Kada kuma a fesa maganin ƙwari a bakin yankan don korar tsutsa, kai tsaye cikin ruwan zai gangara.

Ɗurawa: a tace da farin ƙyalle ninki biyu. A zuba a kwalbar gilashi da aka tafasa, a bar sararin yatsa uku a wuya. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben da murfi a sake, a zuba ruwa zuwa kafaɗarsu. A ɗora a wuta, a sa ma'aunin zafi cikin kwalba ɗaya, in ya kai digiri 70 a riƙe shi a nan minti 30. A ɗaure murafen da zafinsu, a bari su huce a hankali, don ruwan sanyi na fasa gilashi mai zafi. In zafin bai kai ba, yis ya tsira, kwalba ta tarwatse a shago. In ya tafasa, ƙamshin ya gudu ya bar ɗanɗanon dafaffen rake. Wannan zafin ba ya kashe kowace irin ƙwaya, saboda haka a ajiye kwalaben a sanyi. Cibiyar binciken kwakwar manja ta NIFOR da ke kusa da Benin da cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas sun daɗe suna aiki kan adana bammi a kwalba, gara ka nemi horo a can kafin ka taɓa sinadarin hana lalacewa. Sayar da abin sha a rufaffiyar kwalba kuma sai da rajistar NAFDAC.

Wanda ya yi tsami kada ka zubar. Zuba shi a mazubi mai faɗin baki, ka rufe da ƙyalle, ka ajiye a wuri mai ɗumi mako uku zuwa huɗu, zai zama khal.

Tambaya: Shin bammi na makantar da mutum kamar yadda ake faɗa a kan ogogoro? *Wani dattijo, Angwan Rukuba*

Amsa: Baba, bammi shi kaɗai ba ya yin wannan, ko da yake yawan shansa na cin hanta kamar kowace giya. Makanta aikin sinadarin metanol ne, kuma galibi yana shiga ne idan marasa imani suka haɗa ogogoro da sifirit na masana'anta don ya ƙara ƙarfi. A 2015 hakan ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo, sannan ya kashe gommai a jihar Ribas. Hatsarin ga mai shan bammi shi ne inda ake tsiyaya ogogoro cikin wanda aka tsinka da ruwa. Metanol ba a gane shi da hanci ko harshe. Cokali ɗaya na iya ɗauke gani, biyu zuwa uku na iya kisa. Alamunsa kan jinkirta awa 12 zuwa 24, mutum ya farka daga maye kamar lafiya, sai ciwon kai, amai, ciwon ciki, haki, da gani dishi-dishi. Kada a tsaya ba shi manja ko madara. A kai shi babban asibiti mai injin wankin ƙoda, irin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a tafi da ragowar abin da ya sha, a kuma nemo duk waɗanda suka sha tare da shi ko da ba su fara jin komai ba.