Tunkun da aka kawo ƙofar gidanki

Assalamu alaikum Rabi'atu 'yata. Saƙonki ya iso ni lafiya. Allah Ya mayar miki da alherin kajin nan. Budurwar kaza biyar a dare guda ba ƙaramar asara ba ce, balle ga wadda yaƙin Sudan ya raba da gidanta na Hartum tun 2023, ta zo Gadarif tana lallaɓa rayuwa da ɗan kiwo.

Kin ce bayan ɓarnar, yaran unguwa sun kama wata dabba a tarko da hantsi, suka rataye ta a sanda suka zo ƙofar gidanki suna waƙa, kika kore su don kin zaci bara ce. Tsohuwar da kuke katanga ɗaya ta ce kin yi abin kunya, wai muddin ba ki ba su ƙwai ba sauran kajin ma bin sahu za su yi. Kina so ki ji ko wannan al'ada ce ko camfi, ko dole ce, da kuma ko ana cin naman. Shi kuma abokina, ɗanki Abba, ya leƙa waya ya yanke hukunci wai dabbar Turai ce.

Bari in fara sallamar Abba, don na san ba zai bar ki ki sha ruwa ba. Ki ce masa idonsa ya gani daidai, hukuncin ne ya karkace. Wadda ya gani a hoto ita ce Larabawa ke kira ƙaƙum, 'yar ƙasashen sanyi: Turai, arewacin Asiya da arewacin Amurka. Bakin wutsiyarta baƙi ne, haka ma na tunkunmu, nan ya ruɗe. Amma ita cikinta fari ne tas, kuma a inda sanyi ya yi tsanani gashinta kan rikiɗe fari gaba ɗaya, sai bakin wutsiyar kawai, da wannan fata ake yi wa alkyabbar sarakunan Ingila ado. Turawa sun kwashe ta zuwa Niyu Zilan a shekarun 1880 don ta rage musu zomaye, ta bar zomaye ta koma kan tsuntsayen ƙasar masu sheƙa a ƙasa, yau ga gwamnatinsu can ta sa wa kanta wa'adin 2050 ta ga bayanta. Ƙanwarta, wadda suke kira ibn irs, ita ce mafi kusa da mu. 'Yan'uwanmu da suka tsallaka Alƙahira suna ganin ta da dare tana sulalewa ƙarƙashin motoci, Misirawa na ce mata irsa. Ko ita ba ta sauko Gadarif ba. Abin da kika siffanta, jiki ja-ja, siriri, gajerun ƙafafu, doguwar wutsiya, tunku ne. Ko zuriyarsu ba ɗaya ba da waɗancan, sana'a ce kawai ta haɗa su.

To, batun yaran. Al'ada ce, tsohuwa kuwa, kuma ba a nan aka ƙago ta ba. Da ita iyayenmu suka taho daga ƙasar Hausa, waɗanda suka biyo hanyar hajji a ƙafa da waɗanda suka bi Mai Wurno gabas bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Mu nan garin Mai Wurno, da ya ci sunansa, muna yara mun yi ta. In aka kama tunku, sai a ɗaure shi a gora ta ƙafafun baya, kai na reto, mu bi gida gida. Ba ma wuce zaure. Muna fara waƙa za ki ji an ajiye taɓarya, mata su fito bakin ƙofa, kowace da abin da ke hannunta. Kakarki, Allah Ya jiƙan ta, da muciya take fitowa. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta lissafa masa kajinta da suka ɓata tun daga kaka, da wake-waken nan da mai wuyan tsikau, kamar alƙali na karanta wa ɓarawo laifinsa, sannan ta ɗan ƙwanƙwasa masa muciyar a ka, mata su sa shewa. Sai ta koma ciki ta fito da ƙwai biyu. Wata ta ba da tafin dawa, wata tarifa ko girshi, ƙananan kuɗin wancan zamani. Mai tarko shi ke ɗaukar kaso babba, mu 'yan amshi a raba mana saura.

Ki duba abin da ke ƙarƙashin wasan. Kaji a gidan Bahaushe dukiyar mace ce. Da su take sayen sabulu, da su take fita kunyar baƙo, da su take fara tara kayan ɗakin 'yarta. Amma ita tana cikin gida, ba za ta shiga jeji ta ɗana tarko a gindin suri ba. Wani ne zai yi mata, kuma wanda ya yi wa unguwa aiki unguwa ce za ta biya shi. Ba wanda ya yi ciniki da shi tun farko, ba a san gidan da tunkun zai faɗa wa gobe ba, don haka kowace mai akurki ta ba da ɗan abin da ya sawwaƙa. Yawon kuma shela ce: an ga ɓarawo a wannan yanki, kowa ta duba akurkinta. Shi ya sa ake kawo gawar ido ya gani, kada wani ya zo da baki kawai ya ce ya kashe. Saboda haka ladan aiki ne, ba bara ba. Ba farilla ba ce, ba wanda zai kai ki ƙara, amma laifin babba rowa. Ki aika Abba ya kira su, ki ba su ƙwai biyu ko abin sayen alewa, ki ce ba ki san kan abin ba ne. Ke baƙuwa ce a unguwar nan, kuma yaran da kika kora yau su ne za su ga an buɗe miki ƙofa ba kya nan.

Inda tsohuwar ta ƙara gishiri shi ne cewa rashin bayarwa zai kashe sauran kajin. Wannan kam camfi ne. Ƙwai biyu a hannun yaro ba sa toshe rami. Haka masu cewa in tunku ya gitta maka a hanya ka fasa tafiya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi da bakinsa, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Tunku na gitta hanya ne don da rana yake kiwo, kuma hanya ta ratsa gonarsa. Amma kada ki je ki yi wa tsohuwa wa'azi. Ki gaishe ta, ki ce kin ji, ki ɗauki mai amfani a maganarta.

Akwai abu guda da nake so ki tsaya a kai in sun dawo. Al'adar da na sani gawa ake yawo da ita. Yanzu ina jin wasu yara na jan dabba da rai a igiya, suna jifa, har da masu zuba mata kananzir. Wannan ba gadonmu ba ne. Dabbar da ke ɓarna an yarda a kashe ta, amma hadisin Muslim ya ce in za ku kashe ku kyautata kisa, kuma an hana azaba da wuta. In suka zo da mai rai, ki ce sai sun gama da shi tukuna ƙwai zai fito. Kuma kada Abba ya kai hannu. Tunku na iya ɗaukar ciwon haukan kare. Wanda ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar don allura, ba a jira a ga yadda za ta kaya.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi miki daɗi ba. A ganina wanda aka rataye ba shi ya ci kajinki ba. Tunkun nan mai baƙin bakin wutsiya da rana yake yawo, dare na yi ya shige suri ko kogon itace. Satarsa ta ɗan tsako ce da ƙwai: ya fito da hantsi ko la'asar, ya fizgi ɗaya, ya ruga da bakin wutsiya a lanƙwashe sama. An ce tunku ya san surin da yake yi wa kashi, ba kasafai yake shiga tsakiyar manyan kaji cikin duhu ba. Biyar a dare ɗaya, an cije wuya, an ci kai an bar gangar jiki, wannan ya fi kama da aikin inyawara, mai dabbare-dabbaren nan da zobba a wutsiya. Ita da dare take fita, tana hawa katanga da itace, kuma inda kanta ya shiga jikinta ya shiga. Mutane kan ce jini take sha. Ba haka ba ne. Kaji ne a rufe ba wurin gudu, kowace ta yi fuffuka sai ta kai mata cizo, har sai motsi ya ƙare. Muzurun daji ɗaya yake ɗauka ya tafi da ita. Dage kuwa ba ya neman ƙofa, akurkin zai farfasa. Da bodari ne da hancinki ya gaya miki tun kafin ki fito ɗaki, kuma shi yawancin cimarsa ɓera ne da ƙwari. Akwai kuma babban tunku, nims a bakin Larabawa, wanda ke son bakin ruwa, mu da ke kusa da kogi da magudanan da suka biyo bayan madatsar Sinnar ta 1925 mun fi ku saninsa. Ki fita da sassafe kafin a yi shara ki duba sawu a gindin katanga da kanta.

Kada ki sa guba, ko wa ya ba ki shawara. Gadarif garin dawa ne da riɗi, inda hatsi yake nan ɓera yake, kuma waɗannan 'yan dabbobin da kike jin haushi su ne ke rage shi, tunku har maciji yana kashewa. Guba ba ta tambayar suna: ɓera ya ci, kyanwa ta ci ɓera, kaza ta tsattsagi saura, ga kuma ƙananan yara a tsakar gida. Dattawanmu ba sa bin tunku har jeji su ƙarar da shi. Wanda ya saba da gida shi ake ɗana wa tarko, na dawa a bar shi da ɓerayensa.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Akurkin laka na dā ƙofa ɗaya gare shi, magariba na yi a kora kaji a jingina faffaɗan dutse a toshe gefe da tsumma. Naki na langa-langa da ragar waya, in ramin ragar ya wuce kaurin yatsa, canza ta za ki yi, ko ki ninka. Ki binne gindinta taƙi biyu a ƙasa saboda masu tono, ki rufe sama, don na dare ta sama yake zuwa. Ki duba inda langa-langa ya haɗu da katako, nan ake barin kafa. Ragowar dusa kada ta kwana a waje, ita ke kiran ɓera, ɓera ya kira mai cinsa. Tarin kara da ke jingine da katangar baya ma a janye shi.

Naman kuwa, mafarauta na ci, ban hana kowa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya malamai sun sa shi cikin makaruhi tare da kura da dila da kyanwa, wato barinsa ya fi. In kin ji maƙwabci ya ce ibn irs halal ne, maganar Shafi'iyya ya ɗauko, Hanafiyya kuma sun haramta. Gidanmu dai ba a taɓa ɗora shi a wuta ba.

In kuɗin ragar ya gagara ki gaya mini, akwai mai zuwa Gadarif ranar kasuwa, sai in ba shi saƙo. Ki gaida maigidan da yara, ki gaida tsohuwar da kyau. Abba kuma ki ce masa in yana son ya burge ni, ya ɗauko mini hoton sawun.

Baffanki, daga Mai Wurno.