Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Radar Ta Nuna Bututu Inda Babu Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin matasan da aka ɗauka aikin wucin gadi a wani ƙauye kusa da Gumel, inda ake neman tsohon bututun ruwa kafin a haƙa magudana. Masu aikin sun zo da na'urar radar mai leƙa ƙarƙashin ƙasa, ni ne kuma mai tura ta. Mun yi alama inda hoton ya nuna, amma da aka haƙa sai aka tarar bututun ya kauce da fiye da mita ɗaya. Shugaban aikin ya ce saurina ne ya jawo. Shin haka ne, ko na'urar ce ta lalace?
Daga wani mai karatu, Gumel, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar shugabanku tana da tushe, sai dai ban yarda a ɗora maka laifin kai kaɗai ba, domin tsara yadda za a san wuri nauyi ne na wanda ya shirya aikin.

Na'urar tana harba siginar rediyo cikin ƙasa ta eriyarta, sannan ta auna tsawon lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta bugi wani abu ta dawo. Daga wannan lokacin ake lissafa zurfi. Amma ita kanta eriyar ba ta san a ina take a doron ƙasa ba, sai an sanar da ita, kuma a nan ne kuskure irin naku yake samun ƙofa.

Idan an saita ta ne bisa lokaci, wato ta riƙa ɗauka sau kaza a kowane sakan, to kafarka ce ma'auninta: ka yi sauri hoton ya matse, ka rage tafiya ya miƙe, ka tsaya gaisawa da wani ta ci gaba da ɗaukar wuri guda. Shi ya sa aka fi son a saita ta bisa nisa, inda tayar awo da ke jikin keken da ake tura ta a kai take umartar ta da ɗauka bayan kowane santimita 2 ko 5. Ko a nan akwai iyaka. Ɗauki misalin na'urar da ke iya ɗauka sau 50 a sakan, an kuma sa mata tazarar santimita 2. Ba za ta jure fiye da mita ɗaya a sakan ba, wanda bai kai tafiyar mai hanzari zuwa kasuwa ba. Da ka wuce haka sai ta fara tsallake, zane mai siffar baka da bututu ke fitarwa a hoto ya gurgunce. Haka kuma idan an ƙara yawan harbin da take haɗawa a kowace ɗauka don hoto ya yi tsabta, dole a ƙara rage gudu.

Abin da na fi zargi a wurinku shi ne ƙasar. Yankinku rairayi ne, ba a banza aka kira jihar Jigawa ba, kuma taya a kan rairayi takan yi sulɓi, ta ja jiki ba tare da ta juya ba. Idan tana asarar santimita 3 kacal a kowace mita, kafin a kai mita 40 an riga an kauce da mita ɗaya da santimita 20. Maganinsa shi ne a shimfiɗa tef na mita 10 ko 20 a kan irin ƙasar da za a yi aikin, a gwada tayar a daidaita ta, a sake yin haka duk lokacin da aka tashi daga tsandauri aka shiga yashi. Daidaitawar da aka yi a kan kwalta a birni ba ta amfani a gona.

Kada kuma a jingina da GPS na wayar hannu, don kuskurensa yakan kai mita 3 zuwa 5. GPS na masu awon ƙasa, wanda ake kira RTK, yana iya kawo kuskuren zuwa 'yan santimitoci a fili, amma a ƙarƙashin darbejiya ko a lungu tsakanin katangu yakan rikice, kuma idan yana ba da wuri sau ɗaya ne a sakan, mai sauri zai bar shi a baya.

Ga aiki irin naku, shawarata ita ce a kafa turaku, a ja igiyoyi a jere da tazarar rabin mita, a yi alama a kowace mita, kuma a ratsa bututun a gicciye maimakon a bi tsawonsa. A fara kowane layi da tsakiyar eriya a kan alamar farko, ba goshin keken ba. Idan bakan ya bayyana, ka ja keken baya a hankali har layin da ke nuna matsayin eriya a allon na'urar ya dawo kan ƙololuwarsa, sannan ka zuba toka daidai tsakiyar eriyar. A samu irin wannan alama a layi uku aƙalla, su jeru, kafin a kira masu diga.