Iyali a Damagaram, aiki a Yamai: amsa ga ƙanenmu sabon matuƙin jirgi

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa wa wannan lasisi albarka. Tun jiya na ga tambayarka. An ɗauke ka mataimakin matuƙi, mazaunin aikinka Yamai, amma Hajiya da amarya suna nan Damagaram, kana so ka bar su gida ka riƙa zuwa kana dawowa. Ga kwantiragi kuma ana jiran ka sa hannu, sannan ka tambaya ko na'urorin jirgi sukan yawaita lalacewa a sama. Shekara huɗu na yi ina wannan kai-da-kawo kafin na kwashe iyali, kuma abin da na gani shi ne tambayoyinka uku duk a kan barci suke haɗuwa.

Ka fara sanin yadda ake ƙirge. Doka tana ƙirga awannin da ka yi a sama, tana ƙirga awannin aiki tun daga isarka filin jirgi har ka tashi, tana kuma ƙirga hutu. A ƙa'idar Turai, wadda na fi daɗewa ina aiki da irinta, ba ka wuce awa 100 a sama cikin kwana 28, ba ka wuce 900 a shekara, aiki gaba ɗaya kuma awa 60 cikin kwana 7. Wuni mafi tsawo awa 13 ne, yana raguwa idan sauka da tashi sun yi yawa ko aikin ya faɗa cikin dare. Hutu a mazauninka aƙalla awa 12, a waje awa 10. Naku alƙaluman suna cikin littafin aikin kamfani da ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, ta amince da shi, ka nemo shi ka karanta da kanka. Duk yadda ka duba, ba za ka ga an ambaci hanyarka ta zuwa ba. Idan kamfani ya ɗauke ka kamar fasinja ya kai ka wani gari don ka karɓi jirgi, wannan aiki ne, ana rubuta shi. Idan kai ne ka taso daga gidanku a Birni ko Garin Malam, to a takarda hutu kake yi. Kilomita kusan 900 ke nan, Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutse, Doso, ka fita kafin asuba ka isa da dare jiki duk ya mutu, amma a lissafin kamfani ka huta.

Za ka ce ai ma'aikaci yana da tikitin jirgi. Yana da shi, sai dai tikitin jiran gurbi ne, sai kujera ta ragu. A Afrilu da Mayu, idan zafi ya haura digiri 40, iska takan yi sakayau, jirgi ba ya ɗaukar nauyin da ya saba, kuma kai za a fara saukewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ka san hazon garinmu.

Hazo ne ya ja mini abin da har yau ban manta ba. Ina da tashi da sassafe, jirgin da zan bi ya kasa sauka nan, sai na shiga bas. Na isa Yamai wajen ƙarfe goma na dare, ƙarfe biyar ina filin jirgi. A jadawali, kwana uku na yi ina hutu. Kumandan, wato babban matuƙi, shi ke tuƙi, ni ke duba ma'aunai, kuma aikina ne in yi kira idan gudu ya kai 80 don mu tabbatar nawa da nasa sun yi daidai. Muka saki birki, jirgi ya ɗauki gudu, allurata ta ƙi motsi. Ina kallonta da idona, amma bakina bai buɗe ba, kaina yana ta neman ya gane abin da ido ya riga ya gani. Kumandan da ya ga tasa ta wuce 80 bai ji muryata ba, ya leƙo, ya rage wuta ya taka birki. Da makanikai suka duba, zanzaro ne ya yi ɗakinsa na laka cikin bututun pito, ɗan bututun nan na gefen hancin jirgi da iska ke shiga ya nuna gudu. Jirgin ya kwana biyu a ajiye ba a sa masa murfi ba. Kumandan bai ɗaga mini murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: ƙarfe nawa na kwanta?

Kada ka raina zanzaro. A Fabrairun 1996, Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Ya yi kusan sati uku a ƙasa, masu bincike kuma sun fi zargin irin wannan ƙwaro ne ya toshe bututun. Kumandan ɗin ya lura ma'auninsa ba ya aiki tun suna gudu a kan titi, amma ya ci gaba da tashi.

A kan kai-da-kawo kuwa, ka nemi labarin jirgin Colgan Air da ya faɗi kusa da Bafalo a Amurka ranar 12 ga Fabrairu 2009, mutum 50 suka mutu. Mataimakiyar matuƙin, ƴar shekara 24, daga Siyatil ta taso, ta kwana cikin jiragen kaya tana ratsa ƙasar kafin ta kama aiki. Kumandan kuma a Filorida yake zaune. Da jirgi ya yi gargaɗin gudu ya ragu, maimakon ya sunkuyar da hanci sai ya ja shi sama. Masu bincike sun ce wannan kuskure ne babban dalili, sun kuma ce da alama gajiya ta taɓa su. Amurka ta kawo sabuwar dokar hutu a Janairun 2014, duk da haka hanyar zuwa aiki an bar ta a wuyan matuƙi, shi zai tabbatar da sa hannunsa cewa ya cancanci tashi.

Ƙananan lalacewa ruwan dare ne, kada su firgita ka. Muhimman na'urori biyu-biyu ko uku-uku ake yin su, kuma akwai littafin MEL da ke faɗin abin da za a iya tashi ba tare da shi ba, da wa'adin gyara: wani kwana 3, wani 10, wani 120. Mutuwar inji da gobara kuwa, duk wata shida za ka maimaita su a na'urar kwaikwayon tuƙi har su zauna maka a hannu. Ranar da hanya ta yi kyau kuma komai na aiki, mai gajiya ma zai kai jirgi lafiya, shi ya sa mutum ke ruɗin kansa ya ce ya saba. Sai ranar da abu ya lalace ake gane wanda ya yi barci. Kuma idan MEL ya ce a'a, ko jikinka ya ce a'a, ka faɗa a fili, kada kunyar kumandan ta rufe maka baki don ya girme ka.

Kwantiragi kada ka sa hannu da gaggawa. Ka duba bashin horon da za su ɗora maka na koyon irin jirginsu: shekara nawa, yana raguwa wata-wata ko sai ranar ƙarshe zai faɗi gaba ɗaya, kuma me zai faru idan su ne suka daina tashi ko suka daina biyan albashi. Waɗanda suka ga rushewar Air Afrique a 2002 sun san babban kamfani ma yakan kwanta. Ka duba ko za su iya sauya maka mazauni, da kwana nawa za su sanar da kai. Ka duba zaman ko-ta-kwana, cikin minti nawa ake so ka iso idan an kira, domin ba a yin sa daga Damagaram. Ka tambayi inshorar rasa lasisi, tunda likita ɗaya zai iya zaunar da kai. Ka kuma roƙi a haɗa maka kwanakin hutunka wuri ɗaya, don kwana biyu hanya kaɗai za ta cinye su.

Ni shawarata, ka kama ɗaki a Yamai ta wajen filin jirgin Diori Hamani, ko da ku biyu ko uku ne da abokan aiki, kuma ka riƙa isa da cikakken dare ɗaya kafin ranar tashi. Idan hali ya samu, amarya ta bi ka. Hajiya kuwa ka zauna ka ƙirga mata awannin hanya da na barci kamar yadda na ƙirga maka. Tawa mahaifiyar, Allah ya jiƙanta, da na ba ta labarin zanzaro, ita ce ta fara cewa in tafi da matata kafin azumi.